Watandar Magani a Mumbai

Tun da muka sauka ban huta da tambaya ba. A kwata, a ƙofar masallaci, a bakin teburina ina cikin yanka wa mutum nama, sai ka ji, "Tanko, yaya Indiya? Da gaske suna rawa a kan titi?" Wani ma cewa ya yi wai na yi haske. Haske! Ni da na yi wata uku ban ci tsokar kirki ba. To na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ba yawon buɗe ido na je ba. Matata Asabe na kai, Maman Ummi, wadda ciwon daji ya kama a maƙogwaro, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba mu fita daga ciki ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mahauci ne ɗan mahauci, a Tudun Ƙofa, nan Keffi, aka haife ni. Na yi boko har aji uku na sakandare sannan na koma wa wuƙa. Turancina na kasuwa ne, amma yana kai ni inda za ni.

Shekara biyu muna fama. An yi mata aiki a Abuja, an gasa wurin da na'ura, abu ya lafa har muka yi sadaka, sai ya dawo. Ta kai ko kunu sai da hawaye take haɗiya, magana kuwa sai ka kawo kunnenka bakinta. Likitanta ya ce akwai wani sabon magani da zai iya taimaka mata, amma a nan ya fi ƙarfin irinmu. Ya ce in muna da hali mu gwada Indiya, can suna da dabarar da suke yi wa marasa ƙarfi. Na sayar da filina na hanyar Akwanga da bijimai biyu da nake kiwo, dangi suka yi abin da Allah ya hore musu, aka buga mana biza.

Tun daga Mararaba tafiyar ta fara ɓata min rai. Mun bar Keffi da sassafe don mu tsere wa cunkoso, ashe kowa ma tunanin da ya yi ke nan. Mota ta tsaya cak, zafi ya taso, Asabe na riƙe da ɗan gwangwanin da take tofa yawu. Sai ga wani mai maganin gargajiya ya kafa lasifika daidai tagarmu, yana ihu wai kwalba ɗaya tana kashe basir, sanyin mara, taifot da ciwon daji. Har da daji! Irin kwalbar nan mun sha ta fi goma a farkon ciwon, ba abin da ta ƙara mana sai ɓata lokaci. Na zuge gilashi zan faɗa masa abin da ke raina, Asabe ta dafa gwiwata ta girgiza kai. Na haɗiye, amma har muka wuce Nyanya ina huci.

A filin jirgi suka dubi ramarta suka ce sai mun nuna takardar likita cewa za ta iya tafiya. Ina da ita, amma 'yarmu Ummi da ta shirya mana kaya ta sa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin garin kunu. Garin zaro ta ledar ta fashe. Na tsaya gaban jama'a, babbar rigata ta Juma'a fari fat da gero, wata mata a bayana tana ta tsaki. A Addis Ababa muka sauya jirgi, muka yi zaman awa biyar. Nan na fara gane kuskuren da na yi na ƙin tahowa da mace, don Asabe ta buƙaci bayi, ba ta iya tafiya ita kaɗai, ni kuma ba ni da ikon shiga. Wata Hajiya 'yar Kano mai zuwa sarin kaya ta lura da mu, ta miƙe ba tare da na roƙe ta ba, ta ce, "Malam, kawo ta nan." Ko sunanta ban tambaya ba, Allah ya saka mata.

Abin da ya faru da muka sauka Mumbai kuwa, laifina ne, amma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kafin mu taso na zaɓi tsokar cinya mai kyau, aka dafa ta ta yi lugub, aka daka, aka soya dambun nama mai laushi kamar auduga, don in riƙa barbaɗa mata a kunu ta samu ƙarfi. Ma'aikacin da ke duba kaya ya ɗago robar ya ce mene ne wannan. Na ce nama. Ya ce na me? Na buga ƙirji na ce na bijimi ne, ni na yanka shi da hannuna, sana'ata ce. Bawan Allah ya ja da baya kamar na ce masa maciji ne a ciki. Ya kira wani, wanin ya sa safar hannu, suka ɗauki robar da yatsa biyu suka jefa a kwandon shara. Na ce ku bari in cinye a nan mana, a gabanku! Suka ce doka ce, ba a shiga da nama, balle wannan. Asabe ta jawo rigata, da 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "Baban Ummi, ka rufa mana asiri."

Masaukinmu wani dogon bene ne kusa da asibitin, duk majinyata ne a ciki. Ɗakin, in ka kwanta ka miƙe hannu sai ka taɓa bango biyu. Mai gidan ya kafa mana sharaɗi tun a bakin ƙofa: ba nama, ba kifi, ko ƙwai ba a fasawa a gidansa. Na ce to me za mu ci? Ya karkaɗa kai gefe da gefe yana murmushi. Wannan karkaɗa kan nasu sai da na yi mako kafin na daina jin haushinsa, don da shi suke cewa to, da shi suke cewa na ji, da shi suke sallamarka. Amma na daina ƙorafin ɗaki da na leƙa ta taga. Gefen titin asibitin, tun daga wannan kwana har waccan, mutane ne kwance a kan kwali da tabarmi, wasu da robar abinci a hanci, matansu na dafa shinkafa a ɗan risho. 'Yan ƙasar ne, daga ƙauyuka suka zo, suna jiran layi ya zo kansu. Ashe su ma masu ƙasar ba su tsira ba.

Abinci dai ba a magana. Komai wake, komai ganye, komai an zuba masa kayan ƙamshi har ka rasa me kake ci. Abin da ya cece mu shi ne kindirmonsu. Wallahi mai kyau ne, ya kusa kamo na matan Fulanin da ke kawo mana daga ruga, kuma shi kaɗai Asabe ke haɗiya ba kuka. Shanunsu kuma na gan su. A bakin wani wurin ibadarsu wata mata ke tsayawa da saniya da damin ciyawa. Kai mai wucewa za ka sayi ciyawar a hannunta, ka ba saniyarta, ka shafa bayanta ka wuce, ita kuma ta kora abarta gida ta tatsa. Na tsaya na daɗe ina kallo. Na ce in Inna Hari mai kawo mana nono ta ji wannan, ta daina yawo da ƙwarya a ka. Saniyar kuwa na auna ta da ido, ta yi kashi ashirin na watanda ba ƙashi da yawa, na yi ta'awizi na wuce kafin a karanta abin da ke fuskata.

Mako biyu ana aune-aune kafin muka ga babbar likita, wata 'yar siririya mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta zana min a takarda. Ta ce jikin mutum yana da sojojinsa masu kashe duk wani baƙon abu, amma ciwon daji yana da wayo, yakan riƙe hannun sojojin ya sa su yi kamar ba su gan shi ba. Wannan maganin ba shi ke kashe ciwon ba, hannun sojojin yake kwancewa su yi aikinsu. Ta ce ba kowa yake karɓa ba, amma awon Asabe ya nuna akwai fata. Za a riƙa sa mata ta jijiya duk bayan mako uku.

Sai ta faɗi kuɗin cikakken awo. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Ko na haɗa da gidan da muke ciki da teburina da wuƙaƙena, ba za su kai mu rabin hanya ba. Na ce, "Likita, da zinare ake yin sa?"

Ta ce a'a, haɗa shi da wuya, amma akwai kamfanoni a ƙasarsu da za su iya. Abin da ya hana, waɗanda suka ƙirƙiro shi suna riƙe da takardar haƙƙin mallaka, wadda ta hana kowa yin irinsa har shekara ashirin, sai su kaɗai, a farashin da suka ga dama. Ta ce sun kashe dukiya da shekaru wajen bincike, ana ba su wannan damar ne don su mayar.

Ku ji ni da kyau, ni ɗan kasuwa ne. Ban ce kada wanda ya yi wahala ya ci guminsa ba, ni ma ba na ba da nama kyauta. Wanda ya gano wannan abu ya yi ƙoƙari, Allah ya ba shi basira. Amma tun da nake ban taɓa zuwa kwata na ce daga yau ni kaɗai zan yi yanka a Keffi ba, wanda bai iya sayen nawa ba ya mutu da yunwa. A maƙwabcin ɗakinmu akwai wani malamin makaranta daga Tanzaniya, yatsunsa duk sun lanƙwashe. Shi nasa sojojin ne suka juya suna cin gaɓoɓinsa, maganinsa na kwantar da su ne. Ya ce min da can ko a mafarki ba ya iya sayensa, amma da wa'adin takardar ya cika wasu suka fara yi, farashi ya sauko, ga shi yanzu yana riƙe alli. Na tambayi likita namu fa, yaushe wa'adinsa? Ta ce da saura shekaru. Na ce, "To Asabe fa, wa ya ce miki tana da shekarun?" Ta cire tabarau ta goge.

Can ta ce akwai hanya ɗaya. Su a nan, ga wanda ba shi da hali, suna ba da ƙaramin awo a haɗa da ƙwayoyi, kuma sun ga yana taimaka wa mutane da dama. Matsalar ita ce kwalbar babba ce, ba a sayar da rabi, kuma in an huda ta dole a ƙarar a ranar. Don haka sai an samu mutum uku masu shan magani iri ɗaya, a rana ɗaya, su haɗu su sayi kwalba a raba musu. Asibiti na da jerin masu jira, amma yana da tsawo. In na samo mutum biyu da kaina ta duba ta amince, za a fara.

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Na ce, "Likita, ai watanda ke nan!" Ta ce mene ne haka? Na ce a garinmu in azumi ya zo ƙarshe, mutanen da ba wanda zai iya sayen bijimi shi kaɗai sai su haɗa hannu su saya, a yanka, a kasa kashi-kashi daidai, kowa ya ɗauki nasa. Na ce shekara ashirin da wani abu ni ke kasa watandar unguwarmu, ba a taɓa yin faɗa a kan kashina ba. Ta karkaɗa kai ta ce to, je ka nemo mutanenka.

Haka na zama dillalin marasa lafiya. Likita ta rubuta min sunan maganin a takarda, na riƙa bin benci-benci ina nuna wa mutane. Wasu su kau da kai, wasu su ɗauka bara nake. Kwana huɗu ina wannan yawo kafin na samu Madam Ngozi, 'yar kasuwa daga Onitsha. Ita ce ma ta gan ni, ta ƙwala min kira daga nesa da ta ga hulata, ta ƙwace takardar ta duba, ta ce ai maganinta ke nan, ta daki kafaɗata har sai da na yi tangaɗi. Na biyun wani tsoho ne manomin albasa, Baba Ramu, da 'yarsa Mina, malamar firamare, ita ke masa tafinta. Da ta ji sana'ata ta faɗa masa, tsohon ya toshe kunne da hannu biyu yana dariya. Tun da aka haife shi bai taɓa sa nama a baki ba. Kullum in mun haɗu sai ya nuna wuyansa da yatsa ya ce wa 'yarsa ta gaya min kada in kuskura in auna shi da ido.

Ranar farko na tayar da rigima, ban ɓoye ba. An karɓi kwalbar an shige da ita wani ɗaki an rufe ƙofa. Na ce ina! A watanda a gaban kowa ake kasawa, ba a shiga da nama ɗaki a fito wa mutane da ƙulli. Ma'aikaciyar jinya ta ce ɗakin ba a shiga, ko numfashi ba a so ya taɓa maganin. Ngozi ta goya min baya da murya har ana leƙowa. Daga ƙarshe suka tsayar da ni a bayan gilashi. Kwalbar da na ƙetare teku dominta, wallahi ba ta kai babban yatsana ba. Mai haɗawa ya zuƙa sau uku da sirinji, ya zuba a leda uku ta ƙarin ruwa, ya ɗaga kowace ya nuna min sunan da ke jiki. Hannunsa daidai yake, na yaba masa. Amma na ga ɗan ɗigo ya rage a gindin kwalbar, ya ɗauka ya jefa a kwandon da ake ƙonawa. Na buga gilashin da tafin hannu. Mu ko ƙashin wutsiya ba ma zubarwa, akwai mai shi! Aka ce ƙa'ida ce. Ranar har yamma ɗigon nan na tsaye min a rai.

Kujera uku aka jera musu, Asabe a tsakiya. Ba wanda ke jin yaren wani, amma kafin ruwan ya ƙare Ngozi ta gyara mata ɗankwali, tsohon kuma yana nuna mata hoton gonarsa a waya. Ni da Mina muna waje a benci. Ita ta karanta komai a kan maganin nan. Ta ce min wai wasu masu irin takardar mallakar nan, in wa'adi ya matso, sai su ɗan sauya yadda ake ba da maganin su nemi wata sabuwa, a sake lissafi. Ban sani ba ko haka za a yi wa namu, abin da ta faɗa min ke nan, amma na ji kamar in tashi in kama wani da kokawa, na rasa wa zan kama.

Tsakanin allura da allura ba aikin da nake sai dama kunu da addu'ar kada ɗaya daga cikin ukun nan ya yi zazzaɓi, don in awon jinin mutum ɗaya ya ɓaci, an ɗaga na kowa. Ni da ko ciwon kan maƙwabcina ban cika tambaya ba, na koma kiran Mina safe da yamma ina cewa Baba ya ci abinci? A wannan zaman ne na gano unguwar Musulmi, inda ake yanka ɓauna. Na tsaya gaban wani mahauci ina kallon yadda yake bin gaɓa, ya gane ni ɗan gida ne, ya miƙo min wuƙa. Na fitar masa da kafaɗa guda ba tare da na taɓa ƙashi ba. Ya rungume ni, ya sa aka gasa min tsire a wurin, na ci a tsaye na wanke baki sosai kafin in koma gidan mai sharaɗi.

Kwana goma bayan allura ta biyu, na shigo ɗaki na tarar Asabe ta cinye shinkafar da na ajiye wa kaina. Ban gama mamaki ba na ji an ce, "Baban Ummi, sau nawa zan ce ka daina shigo min da takalmi har bakin gado?" Da murya! Muryar da na yi wata takwas ban ji ba, da faɗa ta dawo. Na kwashe takalman na fita baranda, na yi kuka kamar yaro, mutumin Tanzaniya na bubbuga bayana.

Ranar allura ta uku mun zo da wuri, Ngozi ta zo, babu tsoho. Kwana biyu ina kira wayar a kashe. Can sai ga Mina ita kaɗai, sanye da fararen kaya tun daga sama har ƙasa. Na ce a raina ko biki suke yi, don mu fari na Juma'a ne da Sallah. Ashe su shi ne kayan makoki. Ta ce zuciyarsa ce ta tsaya shekaranjiya, har an ƙona shi, yadda suke yi. Asabe ta rushe da kuka, Ngozi ta zauna a ƙasa daɓas. Mina ba ta jira mun tambaya ba. Ta ce rabon mahaifinta na kwalbar yana nan, ba za ta janye ba, don tun yana da rai ya ce kada a rufe kwalba saboda shi. Ta fita bakin titi da kanta, ta shigo da wani direban keke mai ƙafa uku da ya yi wata biyu a kan kwali da takardar maganin nan a aljihu. Likita ta duba fayil ɗinsa ta amince. Shi ya zauna a kujerar tsohon. Mina ta tsaya har aka huda kwalbar, ta haɗa tafin hannunta ta gaishe mu, ta tafi.

Bayan nan aka ɗauki hoto. Na Ngozi bai yi kyau ba, maganin bai karɓe ta ba, aka sauya mata wani. Na Asabe kuwa ƙullutun ya ragu sosai. Likita ta ce kada a kuskura a tsaya, duk mako uku. Amma bizarmu ta zo ƙarshe, guzuri ma haka. Ta rubuta wa likitanmu na Abuja doguwar takarda, muka kamo hanya. Dawowar ba ta da labari, sai dai a jirgi Asabe ta ci abincinta ta ci nawa.

Likitan Abuja ya karanta takardar ya ce za a iya yo odar kwalbar, zai kuma iya rabawa yadda suka yi. Amma a nan babu wani jerin masu jira. In ina so, in kawo mutum biyu ya duba su.

To jama'a, nan ne na gane Mumbai sauƙi ce. A can mai ciwo yana bakin titi kowa na ganinsa. Mu nan ɓoyewa muke. A ce jifa ne, a ce sanyi ne, a rufe mutum a ɗaki har ya ƙare ba a ambaci sunan ciwon ba. Na bi bencin asibiti a nan Keffi, na bi na Abuja. Wata mata da na tambaya wane iri ne na mijinta, ta ce min mugun baki, aniyata ta bi ni. Na samu mutum ɗaya a Sabon Gari, wani makanike, likita ya duba ya ce nasa ba irin wanda maganin ke yi wa ba ne. Kwanaki na tafiya, ina kallon Asabe tana cin tuwo tana yi wa jikoki faɗa, ni kaɗai na san ranar da ke zuwa.

Shekaranjiya da safe, mun gama fiɗa ina wanke wuƙaƙe a bakin famfon kwata, sai ga Garba. Tare muka koyi aiki a hannun mahaifina, shi ya riƙe min teburi duk wata ukun da ba na nan, matarsa Laure ita ta yi wa Asabe wankan jegon Ummi. Ya tsaya a kaina bai yi sallama ba. Ya ce, "Tanko, mun karɓo sakamakon Laure. Tsokar da suka yanka suka auna. Sun ce irin na Maman Ummi ne, a maƙogwaro."

Na ce, "Alhamdulillahi."

Haka ya fito. Da ƙarfi, a gaban mutane, kafin in san na buɗe baki. Famfo na zuba, wuƙa na hannuna, Garba na kallona. Na fara innalillahi, na fara cewa ba haka nake nufi ba. Amma haka nake nufi. Allah ya sani, a wannan daƙiƙar daɗi na ji.

Garba ya sunkuya ya kashe famfon. Ya ce, "Bari, Tanko. Ni ma da likitan ya faɗa min, kai na fara tunowa."

Mutanen da ke riƙe da takardar mallakar nan ba su san ni ba, ba su san akwai wani gari wai shi Keffi ba. Filina da bijimaina da suka tafi, na yafe. Amma sun sa na gode wa Allah a kan ciwon matar aminina, kuma wannan ban san yadda zan yafe shi ba. Jiya likita ya duba Laure ya ce za ta iya shiga. Saura mutum ɗaya, saura kwana tara ranar allura ta zo. Gobe in mun gama yanka, ni da Garba za mu tafi Lafiya mu duba bencin can.